Nasiha ga Ƙannena Masu Harhaɗa Jirage: Sauke Cajin Batirin Lipo

Ƙannena masu harhaɗa ƙananan jirage da motocin rimot, da ku da ke tayar da jirgi marar matuƙi don ɗaukar hoto a gidan biki ko duba gona, akwai wani ɓangare na wannan harka da ba kasafai ake koya wa sabon shiga ba. Kowa ya iya cika batir. Ranar da ka sayi caja, ranar mai shago zai nuna maka inda za ka danna. Amma sauke cajin da ka cika, ba wanda ke tsayawa ya yi maka bayaninsa, alhali a nan ne batura da yawa ke mutuwa tun kwanansu bai ƙare ba, a nan ne kuma ake gangancin da kan kai ga gobara.

Ka cika batura daren Juma'a da niyyar fita fili ranar Asabar. Gari ya waye da iska, ko hazo ya rufe sama, ko ka fita ɗin amma tashin farko farfela ta karye. Ka dawo gida da batura cike. Zuciyarka za ta ce maka a ajiye su haka nan, mako mai zuwa ba sai an sake neman wuta ba. A inda wutar lantarki ke zuwa ta ɗauke, ban ga laifin mai wannan tunani ba. Sai dai batirin Lipo ba ya jure zama a cike.

Ɗauko shi ka dube shi da kyau. Ba shi da gwangwanin ƙarfe irin na batirin tocila. Wata leda ce mai haɗin alminiyom aka naɗe kayan cikinsa da ita, ƙusa ko tsinin wuƙa ya isa ya huda ta. A ciki akwai siraran faifayen jan ƙarfe da na alminiyom da aka shafa wa sinadarai, da wani ruwa mai saurin kama wuta. Wayoyi biyu masu kauri, ja da baƙa, sun fito zuwa filogi, galibi rawayan nan da ake kira XT60. Sai kuma ƙananan wayoyi da suka taru a wani farin kai. Waɗannan su ne wayoyin balans, ta nan ake gane halin da kowane sel, wato kowane ɓangare na batirin, ke ciki shi kaɗai. Batirin wayarka danginsa ne, duk zuriyar wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991 ne. Amma na waya yana da ɗan allon lantarki a jikinsa da ke yanke wuta idan caji ya yi yawa ko ya yi ƙasa. Wanda ka saya don jirgin da ka haɗa da hannunka ba shi da wannan. An bar shi haka ne don ya ba da ƙarfi mai yawa a lokaci guda, ya kuma rage nauyi. Kulawar da allon nan ke yi ta dawo wuyanka.

Sel ɗaya idan ya cika yana kan bolt 4.2. Abin da ake rubutawa a jiki, 3.7, matsakaici ne kawai. Bolt 3.0 shi ne iyakar da ba a tsallakewa, masu tattalin kayansu ma ba sa bari ya je kusa da nan. Matakin da ake ajiye shi kuwa yana tsakanin 3.8 da 3.85, wato kusan rabin caji. Batirin da aka rubuta wa 3S sel uku ne a jere, saboda haka cikarsa 12.6, matakin ajiyarsa kuma wajen 11.4 zuwa 11.55. Mai 4S ya ninka da huɗu, mai 6S da shida.

Sel da ya daɗe a 4.2, ruwan cikinsa yakan riƙa ruɓewa a hankali, yana fitar da iska a cikin ledar, yana kuma tara wani datti a fuskar faifayen da ke tauye gudun wuta. Ba za ka gani ba a makon farko. Daga baya ne za ka lura batirin da ke kwance shafal a kan tebur ya fara tudu a tsakiya, jirgin da ke daɗewa a sama ya fara gajiya da wuri, batirin kuma yana saukowa da zafi fiye da da. Wannan lalacewa ba ta gyaruwa. Zafi kuma yana ƙara mata sauri ƙwarai, a nan ne namu ya bambanta da na mutanen ƙasashen sanyi da suka rubuta yawancin shawarwarin da kuke karantawa. Wanda ke Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, inda ma'aunin zafi ke haura 40 a watan Afrilu, kuma kayansa na cikin ɗakin kwano, bai kamata ya ɗauki sassaucin da mutumin Jamus ya yi wa kansa ba. A ganina, batirin da ba za ka tayar da shi gobe ko jibi ba, sauke shi yau.

Akwai kuma maganar tsaro. Batir cikakke idan ya kama wuta ya fi wanda ke rabi tsananin ci. A ranar 3 ga Satumba, 2010, wani jirgin dakon kaya ƙirar Boeing 747 ya faɗi a Dubai bayan gobara ta tashi a cikin kayan da yake ɗauke da su, waɗanda suka haɗa da ɗimbin baturan litiyom, matuƙansa biyu suka rasu. Irin wannan ne ya sa hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta kafa doka daga 1 ga Afrilu, 2016 cewa irin waɗannan batura, idan za a yi dakonsu su kaɗai a jirgi, kada cajinsu ya wuce kashi 30 cikin 100. Idan manyan kamfanoni masu injiniyoyi ba su yarda su tara batura cike a wuri ɗaya ba, kai ma kada ka tara su a ƙarƙashin gadon da kake kwana a kai.

Masu jirgin DJI an ɗauke musu rabin wannan aiki. Batirinsu yana da ƙwaƙwalwa a ciki, idan ya yi wasu kwanaki ba a taɓa shi ba, da kansa yake rage cajinsa zuwa wajen kashi 60, har ka ji ya yi ɗan ɗumi. Mai ɗaukar hoto da ya ga haka kada ya zaci batirin ya lalace, ya yi ta mayar da shi kan caja. Batirin yana kare kansa ne.

Sauranmu sai mu koma ga caja. Kusan kowace cajar Lipo tana da tsarin ajiya, wanda masu harkar ke ce wa sitorej. Ka jona manyan wayoyi, ka jona na balans, ka zaɓi yawan sel, ita kuma ta sauke ko ta ɗaga batirin zuwa matakin ajiya ta tsaya da kanta. Wannan ita ce hanya mafi aminci, kuma idan batirinka ɗaya ne ko biyu ƙanana, ba ka bukatar wata dabara. Matsalarta jinkiri. Ɗauki iMAX B6, wadda da yawa daga cikinku da ita kuka fara. Tana caji da ƙarfin wat 50, amma wajen saukewa wat 5 kacal take iyawa. Dalili kuwa shi ne ƙarfin da ke cikin batir ba ya ɓacewa haka kawai, dole ya koma zafi, kuma ɗan akwatin nan ba zai iya ɗaukar zafi mai yawa ba. A batirin 3S mai 2200mAh, wat 5 yana nufin kusan amfiya 0.4, za ka shafe awa biyu da rabi zuwa uku kafin ka kai rabi. Babban 6S mai 5000 kuwa, amfiya 0.2 ne, abin ya doshi awa 12. Batir ɗaya ke nan. Mai guda huɗu sai ya gaji ya watsar, ko kuma ya jona ya tafi barci, wanda shi ne mafi muni.

Wannan jinkiri ne ya sa aka koma ga rasista. Tunda matsalar ita ce inda za a zubar da zafi, sai a samo abin da aikinsa ke nan. Masu gyaran rediyo sun san ƙanananta masu zanen launi. Wadda muke nufi babba ce, mai rigar alminiyom ruwan zinare da ramukan ɗaure ƙusa a gefe, an rubuta 50W ko 100W a jikinta. Idan aka haɗa da yawa a kan faranti ɗaya, shi ne ake kira bankin rasista.

Lissafinta ba wuya, Bajamushen nan Georg Ohm ya fitar da shi tun 1827. Ka raba bolt da om, ka sami amfiya. Ka ninka bolt sau amfiya, ka sami wat, wato yawan zafin da zai fito. A ce batirin 3S ne cike, 12.6, ka jona masa om 6. Amfiya 2.1 za su gudana, zafi kuma wat 26 da 'yan kai. Cikin kusan rabin awa ka yi aikin da ƙaramar caja za ta kwashe awa uku tana yi. Amfiya 2 ga batir mai 2200 ba komai ba ne, a sama yana ba da ninkin wannan sau da yawa. Ban ga amfanin wuce haka ba. Ba tsere kake yi ba, kuma duk amfiyar da ka ƙara, zafi ka ƙara wa kanka.

Rubutun 50W ɗin nan yana yaudarar mutane. Ba ta ɗaukar wat 50 sai an ɗaure ta tamau a kan farantin alminiyom mai faɗi da zai janye zafin. A rataye a iska ko rabin haka ba za ta ɗauka lafiya ba, za ta yi zafin da zai ƙona yatsa, ya narkar da robar waya, ya bar tabo a kan tebur. Saboda haka maimakon guda ɗaya mai om 6, sayi biyu masu om 12 ka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, kai da kai, gindi da gindi. Jimillarsu om 6 ɗin ne, amma kowace wat 13 kawai take ɗauka. Ɗaure su a kan faranti, ko jikin tsohuwar inbata da ta mutu, ka ɗaga shi a kan bulo biyu don iska ta ratsa ƙasa, ka sa masa ƙaramar fankar kwamfuta. Yi amfani da waya mai kauri irin ta batirin, ka liƙe mahaɗa da dalma sosai, ka rufe duk inda ƙarfe ya fito tsirara. Sa fiyus ɗin mota a kan jar waya. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma shi ne zai tsinke idan wayoyi suka haɗu bisa kuskure.

Wani abu da nake so ya zauna muku: bankin da ka haɗa don 3S ba na kowane batir ba ne. Jona wa om 6 ɗin nan batirin 4S mai bolt 16.8, zafi ya tashi zuwa wat 47. Jona masa 6S mai bolt 25.2, amfiya ta zama 4.2, zafi ya haura wat 100. Bolt ya ninka biyu, zafi ya ninka huɗu. Rubuta a jikin farantin da maka irin batirin da aka yi shi dominsa, saboda wata rana abokinka ne zai are shi.

Wanda bai samu rasista ba, ƙwan fitilar mota yana yin aikin. Na burki mai wat 21 yana jan kusan amfiya 1.75 a bolt 12, ya dace da 3S. Ga 4S kuwa sai an jera biyu, ɗaya na bin ɗaya, in ba haka ba ƙwan zai ƙone.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta muku wannan. Rasista ko ƙwan fitila ba su san tsayawa ba. Kamar huda ce a gindin randa, ba ruwanta da inda kake so ruwan ya tsaya, za ta yi ta zuba har randa ta bushe. Kuma batirin Lipo ba ya sauka daidai wa daida. Yakan daɗe tsakanin 3.9 da 3.7 har ka saki jiki, amma da ya gangaro wajen 3.5 sai ya rufta cikin 'yan mintoci. An kira ka cin abinci, ko an kira salla ka ce bari ka je ka dawo, kafin ka dawo ya wuce 3.0. Kada ka ce hasken ƙwan zai nuna maka. A bolt 9, lokacin da kowane sel ya riga ya kai iyaka, ƙwan yana nan yana ci.

Idan sel ya nutse ƙasa sosai ya daɗe a can, jan ƙarfen cikinsa yakan fara narkewa cikin ruwan batirin. Ranar da ka sake cika shi, jan ƙarfen nan zai dawo ya daskare a inda bai kamata ba, yana iya huda siririn labulen da ya raba ɓangarorin biyu. Daga waje ba abin da ya nuna. Irin wannan batir ne ke kama wuta a kan caja makonni bayan an manta da abin da ya same shi. Za ku ga masu koyar da dabarar farfaɗo da mataccen Lipo ta hanyar yaudarar caja da tsarin wani nau'in batir. Ina roƙonku ku bar wannan. Na san kuɗin batir ba ƙarami ba ne ga ɗalibi ko mai koyon sana'a, amma garin neman ƙiba kada a samo rama.

Auna jimilla kaɗai ma bai isa ba. Mita za ta iya nuna maka 10.5 a kan manyan wayoyi ka ce da sauran tafiya, alhali sel biyu suna 3.7, na ukun yana 3.1. Raunannen sel shi ke fara faɗuwa, kuma ta wayar balans kaɗai ake ganinsa.

Shi ya sa hanyar da na fi yarda da ita ita ce a haɗa su biyun, caja ta riƙe lissafi, rasista ta ɗauki zafi. Wasu cajoji, irin su iCharger na kamfanin Junsi, an yi musu tsari na musamman don haka. Ana saka rasistar a kan jar waya tsakanin caja da batir, wayar balans kuma ta tafi kai tsaye cikin caja. Cajar tana ganin kowane sel, tana daidaita gudun wutar, tana yankewa idan an kai matakin da ka zaɓa, yawancin zafin kuma yana fita ta faranti. Amma ka buɗe littafin cajarka ka tabbata tana da wannan tsari, ka kuma bi adadin om ɗin da ya ce. Wadda ba a yi ta don haka ba, rasista a kan hanya rikita mata lissafi za ta yi. Kuma kafin ka koma caji, cire rasistar. Akwai kuma na'urorin da saukewa kaɗai ce aikinsu, kamar FD-200 na ISDT mai wat 200 ko BD250 na SkyRC mai wat 250. Su ma bankin zafi ne da fanka da ƙwaƙwalwar yankewa a akwati ɗaya.

Mai ƙaramar caja da bankin hannu shi ma yana da mafita. Sayi 'yar ƙararrawar nan mai nuna lambobi da ake maƙalawa a wayar balans, ka saita ta a 3.8. Jona banki, ka zauna a wurin. Da ta yi ƙara, zare filogi. Bari batirin ya huta minti 10, domin bolt yakan ɗan farfaɗo bayan an cire masa kaya, za ka ga ya koma wajen 3.85 ko sama kaɗan. Sannan ka mayar da shi kan caja a tsarin ajiya ta ƙarasa ɗan abin da ya rage, ta daidaita sel ɗin. Ƙararrawar ihu kawai take yi, ba ta yanke komai, in ba ka kusa ba ta da amfani. Kada kuma ka manta da ita a jikin batirin bayan ka gama, ita ma tana shan wuta kaɗan kaɗan, a kwana a tashi za ta kashe shi. Lokaci zuwa lokaci ka gwada lambobin caja da na ƙararrawa da mitar da ka amince da ita, saboda jabun kaya sun yi yawa a kasuwa.

Akwai hanyar da ta fi burge ni, don ta dace da halin da muke ciki. Wasu manyan cajoji, idan daga batirin mota ko na sola suke shan wuta, suna iya mayar da cajin Lipo ɗin cikin wancan babban batir maimakon su ƙone shi a banza. Wutar da ka sha wahala ka tara ba ta tafi asara ba, da ita za ka kunna fitila da dare. Sharaɗi shi ne babban batirin ya kasance yana da wurin karɓa, ba cike yake ba, ka kuma saita iyakar bolt da amfiyar da za a tura masa. Kada ka kuskura ka kunna wannan tsari alhali cajar na jone da adaftar bango, ita ba ta da inda za ta zuba abin da aka turo mata.

Duk hanyar da ka bi, yi aikin a kan siminti ko ƙasa, a inuwa, nesa da katifa da labule da galan ɗin man janareta. Batirin ya zauna nesa da farantin mai zafi. Ajiye bokitin yashi kusa. Riƙa taɓa batirin da bayan hannu. Ɗumi kaɗan ba laifi, amma in ya yi zafi, ko ya fara kumbura, ko ka ji wani wari mai zaƙi-zaƙi irin na sinadari, zare shi ka fitar da shi fili. Idan ya fara hayaƙi kada ka ɗauka da hannu, kada ka shaƙa, hayaƙin guba ne. Fitar da yara, ka zuba masa yashi daga nesa, ka bar shi ya cinye kansa, kuma ka sa ido, don sel na gaba yakan kama bayan na farko ya lafa. Wurin ajiya kuma, akwatin ƙarfe da ba a toshe shi ruf ba, ko tukunyar ƙasa da yashi a gindinta, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan. Ba a cikin mota ba.

Saura batirin da ya gama aiki, wanda ya kumbura ko ya lanƙwashe a faɗuwa. A nan ne kawai ake so rasista ta yi halinta har ƙarshe. An daɗe ana cewa a jefa shi cikin ruwan gishiri, amma gishirin kan cinye mahaɗar wayoyin tun caji bai ƙare ba, sai a ɗauko shi ana zaton fanko ne alhali da sauran wuta a ciki. Fitar da shi tsakar gida a kan yashi, ka jona masa ƙaramin ƙwan fitila don ya sauka a hankali, ka bar shi kwana ɗaya ko biyu bayan hasken ya mutu, inda yara da dabbobi ba za su kai gare shi ba. Auna kowane sel ta wayar balans. In duk sun nuna sifili, yanke filogin, ka fere ja da baƙa ka murɗe su tare don kada bolt ya sake farfaɗowa.

Kada ka jefa shi a bola ko bayan haka. A unguwanninmu ana cinna wa shara wuta, kuma yaran da ke jari bola sukan fasa duk abin da suke zaton akwai jan ƙarfe a ciki, da dutse ko da ƙusa, ba su san bambancin wanda aka zuƙe da wanda ke cike ba. Naɗe shi da salatif, ka rubuta a jiki cewa mataccen batir ne kada a huda, ka tara su a tukunyar yashi har ka sami masu karɓar tsofaffin batura da kayan lantarki, ka miƙa musu hannu da hannu, ka gaya musu ko mene ne.